TARIHI: Fela Anikulapo-Kuti, makaɗin da ya mayar da gidan rawa majalisar talakawa

Ranar 2 ga Agusta, 1997, Fela Anikulapo-Kuti ya rasu a Legas yana da shekara 58. Washegari yayansa, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, tsohon ministan lafiya, ya tara manema labarai ya shaida musu cewa cutar ƙanjamau ce ta yi ajalin ƙanensa, a zamanin da ko sunan cutar ba a son ambata a gidajen mutunci. Bayan kwanaki aka ajiye gawarsa a Dandalin Tafawa Balewa domin jama'a su yi bankwana da ita, sannan aka ɗauke ta zuwa Ikeja. Dubun-dubatar mutane suka bi ta a ƙasa, 'yan kasuwa da direbobi da ɗalibai da zauna-gari-banza, har zirga-zirga ta tsaya a manyan titunan birnin.

Mutumin da aka yi wa wannan rakiya bai taɓa riƙe muƙami ba, ko na kansila. Makaɗi ne mai busa ƙaho da taɓa fiyano, wanda ya shafe kusan shekara talatin yana wasa a gidajen rawarsa, yana kiran sunayen masu mulki ɗaya bayan ɗaya a gaban jama'a. A kan haka aka fasa masa kai, aka ƙone masa gida, ya rasa mahaifiyarsa, ya kwana a kurkuku daga Legas har Maiduguri. Matasan da ke tambayar iyakar abin da waƙa za ta iya yi wa mai mulki, da kuma abin da mai mulki zai iya yi wa mawaƙi, suna da darasi a rayuwarsa, mai daɗi da marar daɗi.

Gidan da ya fito

An haifi Olufela Olusegun Oludotun Ransome-Kuti a Abeokuta ranar 15 ga Oktoba, 1938. Mahaifinsa, Rabaran Israel Oludotun Ransome-Kuti, limamin cocin Angilika ne, shugaban makarantar sakandaren Abeokuta, kuma shugaba na farko na ƙungiyar malaman makaranta ta Najeriya. An san shi da tsanani da bulala, an kuma san shi da koyar da waƙoƙin coci da fiyano. A hannunsa Fela ya fara sanin kiɗa.

Siyasa kuwa a wurin mahaifiyarsa ya sha ta. Funmilayo Ransome-Kuti ce ta jagoranci ƙungiyar matan Abeokuta da ta tayar wa Turawan mulkin mallaka da fadar Alake hankali a kan harajin da aka ɗora wa mata. A 1947 da 1948 dubban mata 'yan kasuwa suka riƙa mamaye ƙofar fada, suna kwana a wurin, suna rera waƙoƙin zambo ga sarki, har Alake Ademola ya sauka daga gadon sarauta a farkon 1949. Fela yana ɗan shekara tara zuwa goma ya ga yadda waƙar habaici a bakin talaka ta girgiza sarki. Sunan Funmilayo ya kai Arewa tun a lokacin. Hajiya Gambo Sawaba, jagorar matan NEPU, ta yi tattaki daga Zariya zuwa Abeokuta domin ganawa da ita.

Yayansa Olikoye da ƙanensa Beko likitanci suka karanta. Shi kuwa a 1958 ya tafi Landan ya shiga kwalejin kiɗa ta Trinity, inda ya ƙware a busa begila. A can ya kafa ƙungiyarsa, Koola Lobitos, ya auri Remilekun Taylor, wadda ta haifa masa Yeni da Femi da Sola. A gidajen rawa na Landan ya saurari jaz irin na Miles Davis, ya kamu da sonsa.

Neman salo

Ya dawo gida a 1963, ya kama aiki a gidan rediyon tarayya a Legas, yana kuma wasa da dare. Farkon abin bai yi armashi ba. Mutanen Legas haylaif suka sani, kiɗan rawa mai sauƙin shiga kunne irin na Victor Olaiya da Rex Lawson, shi kuwa Fela jaz zalla yake so ya tura musu. Da ya ga kasuwa ba ta ci, sai ya gauraya jaz da haylaif. A wannan lokacin, a 1964, ya haɗu da Tony Allen, makaɗin ganguna wanda zai zauna da shi shekara goma sha biyar.

Ana cikin haka sai guguwar kiɗan baƙaƙen fatar Amurka ta iso. Geraldo Pino, ɗan Saliyo, ya shigo Legas da kayan sauti masu tsada yana kwaikwayon James Brown, matasa suka koma wurinsa. Fela ya gane cewa in bai samo nasa salon ba, zai ƙare yana bin bayan masu kwaikwayo. Wajen 1968 ya fara kiran kiɗansa Afrobit, amma a lokacin sunan ya riga kiɗan zuwa.

Tafiyar da ta sauya shi ita ce ta Amurka a 1969, ana tsakiyar yaƙin basasar Najeriya. Ya shafe kusan wata goma, yawanci a birnin Los Anjalas, cikin rashin kuɗi da matsalar takardun zama. A can ya haɗu da Sandra Smith, wadda aka fi sani daga baya da Sandra Izsadore, matashiya mai alaƙa da gwagwarmayar 'yan Black Panther. Ita ta ba shi tarihin rayuwar Malcolm X ya karanta, ta riƙa ja masa kunne a kan waƙoƙin soyayya da na abinci da yake yi alhali nahiyarsa tana cin wuta. Ɗan gidan 'yan gwagwarmaya sai da ya je ƙasar wasu kafin ya ji kiran da ke cikin gidansu. Ya dawo Legas a 1970 da sabon kiɗa da sabon tunani, da ƙungiyar da ya riga ya sauya wa suna zuwa Nigeria 70 tun a Amurka, daga baya ta koma Africa 70.

Dare guda a Shrine

Wanda ya san Fela ta faifai kawai, rabin saninsa ya yi. Ainihin aikinsa a dandali yake, a gidan rawar da ya kira Afrika Shrine, wanda a farkon shekarun 1970 yake harabar otal ɗin Empire a yankin Mushin, 'yan taku kaɗan daga gidansa da ke kan titin Agege. Yakan yi wasa dare da dama a mako, kuma kowane dare da irin tsarinsa.

Mai zuwa kallo yakan tarar da titi cike da masu sayar da abinci da sigari da giya, hayaƙin tabar wiwi ya turnuƙe wurin. A ciki rufin kwano ne a gefe-gefe, tsakiya a buɗe. Makaɗa sukan fara ɗumama wuri tun kafin tsakar dare, amma mai gayya ba ya fitowa sai dare ya raba, wajen ƙarfe ɗaya ko biyu, wani lokaci ma a kan jaki yake tsallako titi jama'a na biye da shi. Daga nan sai asuba.

A dandalin akwai mutum ashirin ko fiye. Kiɗan yakan fara ne da abu guda: mai jita ya ɗauko ɗan gajeren zubi ya yi ta maimaita shi, wani mai jitar ya shigo da nasa zubin ya cusa shi a gurbin da na farko ya bari, mai babbar jita mai kauri ya kafa ginshiƙi a ƙasa. Sai gora mai tsakiya da Yarabawa ke kira shekere, da 'yan sanduna biyu da ake bugawa don riƙe lokaci, da dogayen ganguna. A tsakiyar wannan saƙa Tony Allen yake zaune, hannuwa biyu da ƙafafu biyu kowanne da abin da yake faɗa, cikin sanyin hannu da ya koya daga sauraron makaɗan jaz irin su Art Blakey da Max Roach. Idan tukunya ta tafasa sai masu ƙaho su faɗo gaba ɗaya kamar aradu, Tunde Williams a begila, Lekan Animashaun a babban saksafon mai murya ƙasa-ƙasa.

Kowane sashe na wannan kiɗa da asalinsa. Daga fank na su James Brown aka ɗauko jita mai maimaici da ƙaho mai sara kamar adda. Daga jaz aka ɗauko 'yancin mai busa ya fita shi kaɗai ya yi ta zagaye na mintuna, yana ƙirƙira nan take. Daga haylaif da kiɗan gargajiyar Yarabawa aka ɗauko jerin ganguna da tsarin bayarwa da amshi, wanda duk Bahaushen da ya taɓa tsayawa a gaban makaɗin fada da 'yan amshinsa zai gane shi ba tare da an yi masa bayani ba. Fela yakan bar kiɗa ya yi minti goma ko sha biyar ba a ce uffan ba, yana kaiwa da komowa tsakanin fiyanon lantarki da saksafon, yana ba da umarni da hannu, yana harara duk wanda ya kuskure. Sai jiki ya yi laushi, rawa ta kama kowa, sannan ya matso ga abin magana. Mata 'yan amshi su karɓa da siririyar murya, 'yan rawa da zanen farar ƙasa a fuska suna juyi a kan ƙananan dandamali.

Waƙa guda takan ci rabin awa ko fiye. Kamfanonin faifai na Turai da Amurka sun so ya gajarta domin ta shiga rediyo, ya ƙi. Yana kuma da wata doka da ta bambanta shi da sauran mawaƙa: da zarar ya naɗi waƙa a faifai, ya daina rera ta a dandali. Saboda haka mai zuwa Shrine sabon abu yake zuwa ji, waƙar da ake ginawa a gabansa mako bayan mako, wadda sau da yawa take magana a kan abin da ya faru a gari cikin watan. Gidan rawar ya zama tamkar jarida mai fita da dare.

Harshen ma zaɓaɓɓe ne. Ya rage waƙa da Yarabanci, ya guji Turancin 'yan boko, ya rungumi buroka, domin ɗan dako a Fatakwal da ɗan kasuwa a Sabon Garin Kano da ɗalibi a Akra duk su ji abin da yake faɗa. Daren Juma'a kuwa na yabis ne, kalmar buroka mai nufin zambo da tsiya. A daren yakan dakatar da kiɗa ya yi doguwar magana a kan labaran mako, ya yi wa gwamna da minista da attajiri ba'a da sunayensu, 'yan kallo su mayar masa, shi ma a yi masa tsiya ya dara. A gefe guda akwai wurin da ya keɓe da hotunan Kwame Nkrumah da Malcolm X da Patrice Lumumba, inda yakan tsaya a tsakiyar wasa ya yi tsafe-tsafen gargajiya. A zamanin da manyan makaɗan juju ke wasa attajirai ana yi musu liƙi a goshi, Fela ya juya wa wannan hanya baya. Kuɗin ƙofa da cinikin faifai ne abincinsa, kuma wannan ne ya ba shi bakin magana.

Labarin wurin ya kai ƙasashen waje. Lokacin da James Brown ya zo Najeriya a ƙarshen 1970, makaɗansa, ciki har da Bootsy Collins, sun je sun saurari Fela. Ginger Baker na Ingila ya yi faifai da shi a 1971. Paul McCartney ya leƙa a 1973 sa'ad da yake naɗar faifai a Legas. Mai busa begila Lester Bowie ya zauna a gidansa a 1977, sannan Roy Ayers, ɗaya daga cikin jigogin gaurayen jaz da fank a Amurka, ya zagaya Najeriya tare da shi a 1979, suka fitar da faifai na haɗin gwiwa a shekarar da ta biyo.

Jamhuriyar Kalakuta

Rikicinsa da hukuma ya fara tsananta ne a 1974, zamanin Janar Yakubu Gowon. 'Yan sanda suka kama shi a kan tabar wiwi, suka tsare shi a ofishinsu na Alagbon. A wani kamen, ya ce su suka zo da tabar don su maƙala masa, sai ya fizge ta ya haɗiye. Aka tsare shi ana jiran ta fito ta ɗaya hanyar domin a kai ɗakin gwaji, 'yan uwansa fursunoni suka taimake shi ya kuɓuta, ya fito ya mayar da labarin waƙar da ta sa gari dariya. Ɗakin da aka kulle shi fursunoni suna kiransa Kalkuta, daga nan ya samo sunan da ya raɗa wa gidansa: Jamhuriyar Kalakuta. Ya kewaye gidan da waya, ya ce ƙasa ce mai cin gashin kanta. A ciki akwai makaɗa da 'yan rawa da yaran da suka gudo daga gidajensu, da ɗakin naɗar sauti, da asibitin da ƙanensa Dakta Beko ke duba marasa lafiya. A 1975 ya yar da sunan Ransome, ya ce sunan bayi ne, ya ɗauki Anikulapo, wato wanda ya sa mutuwa a aljihu.

A ƙarshen 1976 ya fitar da Zombie, waƙar da ta kwatanta soja da gawar da aka tayar, wadda ba ta motsi sai an ba ta umarni. Yara suka riƙa rera ta a bayan sojoji a titi, suna fareti da sanduna. A daidai lokacin gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo tana shirin bikin al'adun baƙar fata na duniya, FESTAC, wanda aka yi daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu, 1977, a Legas, da gagarumin hawan daba a Kaduna. Fela ya fice daga kwamitin shirye-shirye, ya kira bikin almubazzaranci, ya ci gaba da wasansa a Shrine. Baƙin da gwamnati ta gayyato, ciki har da Stevie Wonder, suka riƙa tsallakewa da dare suna zuwa inda ake zagin mai masaukinsu.

18 ga Fabrairu, 1977

Kwana shida bayan rufe bikin, wata hatsaniya tsakanin yaran gidan Fela da sojoji ta zama hujja. Sojoji kimanin 1,000 suka kewaye Kalakuta, suka cinna wa injin wutar gidan wuta, suka karya shinge suka shiga. An yi wa mazauna gidan dukan kawo wuƙa, an ci zarafin mata, wasu an yi musu fyaɗe. An fasa wa Fela kai, an raunata Beko. Mahaifiyarsu Funmilayo, mai shekara 76, an jefo ta ta taga daga bene. Sannan aka ƙone gidan ƙurmus, da asibitin, da kayan kiɗa, da faya-fayan da ba a riga an fitar ba.

Gwamnati ta kafa kwamitin bincike. Sakamakonsa shi ne cewa wani soja da ba a san ko wane ne ba shi ya tayar da gobarar. Iyalan suka shigar da ƙara suna neman diyyar Naira miliyan 25, kotu ta yi watsi da ita, gwamnati kuma ta ƙwace filin. Funmilayo ba ta sake samun lafiya ba har ta rasu ranar 13 ga Afrilu, 1978. Matar da ta yi wa ƙasar gwagwarmayar 'yanci tun kafin a ba wa yawancin waɗannan sojoji bindiga, haka ƙarshenta ya kasance.

Fela ya mayar da martani da abin da ya iya. Ya yi waƙa a kan sojan da ba a sani ba, yana ba da labarin ranar dalla-dalla. Ana dab da miƙa mulki ga Alhaji Shehu Shagari a ranar 1 ga Oktoba, 1979, ya ɗauki akwatin gawa, alamar na mahaifiyarsa, shi da mutanensa suka kai ƙofar Barikin Dodan, fadar gwamnati a lokacin, suka ajiye. A waƙar da ya yi kan wannan ya ambaci Obasanjo da mataimakinsa Shehu Musa 'Yar'aduwa da suna. A wata kuma ya haɗa Obasanjo da Moshood Abiola, shugaban reshen kamfanin sadarwa na ITT, ya zarge su da wawure dukiyar ƙasa.

Siyasa da watsewar ƙungiya

Shekarar 1978 ta zo masa da abubuwa da yawa. A Fabrairu ya auri mata 27 a rana guda, yawancinsu 'yan rawa da 'yan amshinsa, ya ce yana so ya kare mutuncinsu bayan abin da aka yi musu. Gwamnatin sojan Gana ta kore shi daga ƙasar. A Nuwamba ya yi wasa a bikin jaz na birnin Balin a Jamus, wasan da har yau ake kallon hotonsa a matsayin shaidar ƙarfin Africa 70. Shi ne kuma kusan na ƙarshe. Makaɗan sun daɗe suna ƙorafin rashin biya, ga kuma labarin cewa kuɗin wasan siyasa za a zuba su. Da yawa suka watse, Tony Allen ma ya kama gabansa. Mai wa'azin adalci ga talaka ya kasa gamsar da ma'aikatansa a kan haƙƙinsu.

Ya kafa jam'iyya mai suna Movement of the People, MOP, da niyyar takarar shugaban ƙasa a 1979. Hukumar zaɓe ta FEDECO ta yi wa jam'iyyu biyar rajista, NPN da UPN da NPP da GNPP da PRP ta Malam Aminu Kano, ta bar tasa a waje. Ya sake gina ƙungiyar kiɗa da sunan Egypt 80, ya buɗe sabon Shrine a Ikeja, ya ci gaba da sayen fili a jaridu yana buga ra'ayinsa.

Kurkuku

Ranar 31 ga Disamba, 1983, sojoji suka kifar da Shagari, Manjo Janar Muhammadu Buhari da Tunde Idiagbon suka hau. Zamani ne na dokar soja mai lamba 2, wadda ta ba da damar tsare mutum ba shari'a, da mai lamba 4, wadda aka ɗaure 'yan jarida Tunde Thompson da Nduka Irabor da ita. A Satumba 1984 aka kama Fela a filin jirgin saman Legas yana shirin tafiya wasa Amurka, aka tuhume shi da yunƙurin fita da fam 1,600 ba bisa ƙa'ida ba. Kotun musamman ta yanke masa shekara biyar. Ƙungiyar Amnesty International ta ɗauki lamarinsa a matsayin ɗaurin siyasa. An yi ta yawo da shi tsakanin gidajen yari, har da na Maiduguri, nesa da iyalinsa da lauyoyinsa, yayin da ɗansa Femi ya riƙe ƙungiyar.

Bayan Janar Ibrahim Babangida ya karɓi mulki a Agusta 1985, labari ya fito cewa alƙalin da ya yanke hukuncin ya gana da Fela ya nuna cewa matsa masa aka yi. A Afrilu 1986 aka sake shi, bayan kusan wata 20. Da fitowarsa ya rabu da matansa, ya je Amurka ya yi wasa a babban taron Amnesty a watan Yuni. A 1989 ya fitar da Beasts of No Nation, inda ya caccaki Buhari da Idiagbon da shirinsu na yaƙi da rashin ɗa'a, ya haɗa da Margaret Thatcher da Ronald Reagan da P. W. Botha na gwamnatin wariyar launin fata. Ya yi abota da Thomas Sankara na Burkina Faso, kisan Sankara a 1987 ya kuma taɓa shi ƙwarai.

Inda ya gaza

Tarihin Fela ba zai cika ba in an tsaya a jaruntakarsa. Ɗan matar da ta yi fice wajen kare 'yancin mata ya yi waƙoƙin da ke ƙasƙantar da mace, ya yi wa mace mai neman daidaito da namiji ba'a. A cikin Kalakuta shi ne sarki, shi ne alƙali, kuma ana hukunta mai laifi da duka. Ya mayar da shan wiwi abin alfahari a gaban matasan da ke kallonsa a matsayin uba. A shekarun 1980 ya faɗa hannun wani boka ɗan Gana da ake kira Farfesa Hindu, abin da ya raba shi da wasu makusantansa.

Ya kuma soki Musulunci da Kiristanci gaba ɗaya, ya kira su addinan baƙi, ya yi wa malamai da limaman coci ba'a a waƙa a kan cewa suna jin daɗi mabiyansu na shan wuya. Wannan, tare da salon rayuwarsa, ya sa gidaje da yawa a Arewa da Kudu ba su taɓa karɓarsa ba, ko da sun yarda da abin da yake faɗa game da masu mulki. Mafi muni, ya ƙaryata samuwar ƙanjamau, ya yi watsi da kariya, ya ƙi maganin asibiti har cutar ta ci ƙarfinsa. Ga mutumin da miliyoyi ke saurare, wannan kuskure ne da ya wuce kansa. Sanarwar da Olikoye ya yi bayan rasuwarsa ta zama ɗaya daga cikin lokutan farko da 'yan Najeriya suka ji an danganta cutar da sunan wani babba a fili.

Ƙarshe da abin da ya bari

Shekarunsa na ƙarshe sun zo a zamanin Janar Sani Abacha. A 1995 aka ɗaure Beko a kan zargin hannu a yunƙurin juyin mulki, a shari'ar da ta haɗa da Obasanjo da Shehu 'Yar'aduwa, mutanen da Fela ya kai wa akwatin gawa. Duniya juyi-juyi. A Afrilu 1997 hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ƙarƙashin Manjo Janar Musa Bamaiyi, ta kama Fela ta nuna shi ga 'yan jarida da ankwa a hannu, jikinsa duk ya rame. Bayan wata huɗu ya rasu, Beko yana kurkuku. 'Yar'aduwa ya rasu a gidan yarin Abakaliki a Disambar wannan shekara.

An binne Fela a harabar gidansa da ke Ikeja, wanda yanzu ya zama gidan tarihi. Ya bar faya-fayai fiye da 50. 'Yarsa Yeni ta fara bikin tunawa da shi na shekara-shekara, Felabration, a 1998, ita da Femi suka buɗe New Afrika Shrine a 2000, ƙaramin ɗansa Seun ya gaji Egypt 80. An yi wasan kwaikwayo a kan rayuwarsa a dandalin Broadway na Amurka a 2009, shugaban Faransa Emmanuel Macron ya ziyarci Shrine a 2018. Kiɗan matasan Najeriya da ya mamaye duniya a yau ya ari sunan Afrobit ya ƙara masa harafi guda, duk da cewa kaɗan ne daga cikin masu yin sa suka ari bakin mai sunan.

Abubuwan da ya yi faɗa da su kuwa suna nan. A Afrilu 2025 hukumar kula da kafafen yaɗa labarai ta ƙasa ta hana sa wata waƙar Eedris Abdulkareem, wanda ya tashi a Kano, saboda ta taɓa fadar shugaban ƙasa. A Kano an sha gurfanar da mawaƙa saboda waƙar da ta ɓata wa mai mulki rai, a yayin da mawaƙan yabon 'yan siyasa ke samun motoci da gidaje. A Oktoba 2020, lokacin zanga-zangar EndSARS, waƙoƙin Fela aka riƙa sawa a wuraren taruwa, a bakin matasan da aka haifa bayan mutuwarsa. Ranar 20 ga watan sojoji suka buɗe wuta a mashigar Lekki. Kwamitin da gwamnatin Legas ta kafa ya ce an kashe masu zanga-zanga, gwamnatin tarayya ta yi fatali da rahoton.

A 2001 Beko ya kai batun Kalakuta gaban kwamitin Mai Shari'a Chukwudifu Oputa mai binciken take haƙƙin ɗan Adam, Obasanjo, wanda a lokacin ya dawo mulki a farar hula, ya bayyana a gaban kwamitin. Har yau ba a hukunta ko soja ɗaya ba a kan abin da ya faru ranar 18 ga Fabrairu, 1977.